Ba Kuskuren Mai Fassara Ba Ne

Wanda ya ɗan san Faransanci, idan ya ga littafin masanin falsafa Bafaranshe Michel Foucault na 1966, Les mots et les choses, sannan ya ga sunansa na Ingilishi, The Order of Things, yakan ce mai fassara ya yi ɓaranɓarama. Ai na Faransancin "kalmomi da abubuwa" yake nufi, na Ingilishin kuwa "tsarin abubuwa". Ina kalmomin suka shiga?

Mai fassara bai da laifi a nan. Da za a fitar da littafin a Landan a 1970, masu bugawa sun tarar akwai littattafai biyu a kasuwa masu suna Words and Things, ɗaya na Ernest Gellner na 1959. Don kada masu saye su rikice, sai suka nemi wani suna da yardar Foucault. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, sunan da aka ɗauka shi ne wanda Foucault ya fi so tun farko, kuma an rubuta hakan a farkon bugun Ingilishin. Kenan Turawan Ingila ne suka samu zaɓinsa, Faransawa ba su samu ba.

Haka aka sake yi da wani littafinsa, Surveiller et punir ("sa ido da hukuntawa") na 1975. Kalmar surveiller ta haɗa sa ido da kula da tsaro, kuma mai fassara littafin, Alan Sheridan, ya rasa kalmar Ingilishi ɗaya da za ta ɗauke su duka. Foucault da kansa ya ba da shawarar Discipline and Punish ("ladabtarwa da hukuntawa"), aka buga shi haka a 1977.