Kai mai neman injin komawa baya, Umma tana raye fa

Wallahi jiya na ji kunyar kaina, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai amfana.

Muna zaune teburin mai shayi bayan Isha'i sai wani ƙaninmu da ke karanta fiziks ya kunno zancen gudun haske. Ya ce haske na cin kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, amma duk da haka hasken ranar nan da ke gasa mu sai ya yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, haskensa shekara 4 da ɗoriya yake yi a hanya. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba tun 1977 yana can yana sheƙa gudu wajen kilomita 17 a sakan, da can ya nufa sai ya haura shekara 70,000 bai je ba. Nan fa musu ya kaure, wani ya ce ai Bature ba abin da ba zai ƙera ba, yaron ya ce to akwai wani masani ɗan Meziko, Alcubierre, da a 1994 ya kawo lissafin cewa a naɗe sararin gaban kumbo kamar tabarma a warware na bayansa, amma har yau a takarda abin yake. Ya ce ko a 2011 an yi ta hayaniya cewa an ga wasu ƙwayoyin zarra sun tsere wa haske a wani gwaji a Italiya, ashe wata waya ce ba ta zauna daidai ba. Muka yi ta dariya har da buga benci.

Daga nan aka gangaro kan lokaci. Tun 1905 Einstein ya nuna wanda ke mugun gudu agogonsa a hankali yake tafiya, zai iya dawowa ya tarar sa'o'insa sun tsufa sun bar shi. Gaba dai ana iya tsallakawa, baya ce ba wanda ya taɓa komawa. Masanin fiziks Stephen Hawking ma ya shirya walima a 2009 don masu tahowa daga zamani mai zuwa, bai raba katin gayyata ba sai bayan an tashi. Ko mutum ɗaya bai zo ba.

Sai aka ce to kowa ya faɗi me zai yi in aka mayar da shi baya. Wannan ya ce Bitcoin zai saya, wancan ya ce filaye a Abuja, ni kuma ban ma son tuna shirmen da na faɗa. Akwai wani dattijo mai gadi a gefe yana kurɓar shayinsa bai ce uffan ba tun ɗazu, sai ya ajiye kofi ya ce, "Ni 'ya'yana minti biyar kawai za a ba ni. Ranar da mahaifina ya aiko a kira ni na ce ina zuwa, ina wajen dara. Kafin in je an rufe masa fuska."

Wajen ya yi tsit. Na zaro waya don in kau da kai, ƙarfe ɗaya saura, kiran Umma har uku ban ɗaga ba. Na ga na farkon fa lokacin da ya shigo, na kife wayar na ce bari a gama wannan maganar. Asuba kuma ba sai na faɗa muku yadda ta kasance ba.

Kar wani ya ce na ce ilimin nan haramun ne, a'a, ku karanta, mu da muke karanta kissar Ashabul Kahfi da shekarunsu 309 duk Juma'a ai bai kamata zancen lokaci ya ba mu tsoro ba. Abin da ke damuna halinmu ne. Mun iya tsara abin da za mu gyara a shekarar da ta wuce, na yau kuma yana gabanmu mun ƙi taɓawa. Kana gaba da ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya shekara uku a kan gado, lambarsa na wayarka. Bashin mai kanti kana sane, sai ka canja layi. Ramuwar azumin bara tana nan, Sha'aban ya zo ya wuce. Matarka ta yi magana ka ce anjima, yaro ya kawo maka allonsa ka ce anjima, komai anjima, wa ya ba ka takardar anjiman nan?

Kuma kun san ayar nan ta Suratul Mu'minun, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon Ubangiji Ya mayar da shi ko ya aikata na gari. Shi ma komawa baya yake nema, kun kuma san amsar da aka ba shi.

Da gari ya waye na kira Umma. Ba wani abu ba ne wai, ta ji ana cewa an yi hatsari a hanyarmu ne take so ta ji muryata, ta ce ba ta runtsa ba. Ina can ina lissafin Bitcoin.

Don Allah 'yan'uwa wanda nasa ke raye ya ajiye karatun nan ya kira su. Yanzu fa, ba in an idar da sallah ba, ba in an sa kati ba, ara wayar na kusa da kai. Waɗanda nasu suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu Ya haskaka makwancinsu. Ka kira ta don Allah.