"Ai an ƙara muku albashi"

Wallahi akwai maganar da na gaji da ji: "Ai an ƙara muku albashi." Ka je wurin mai kayan miya ka ce, "Malam, ya tumatir ya koma haka?" sai ya yi murmushi ya jefa maka ita. Mai Keke Napep ma haka. Har ƙanin mahaifina da ke ƙauye, da na ce masa wannan watan sai haƙuri, cewa ya yi, "Kai ɗan nan, ba a rediyo na ji an ƙara muku ba?"

To, Baba, an ƙara. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, daga 30,000 ɗin da aka tsayar a 2019. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000. Kuɗin mota zuwa wurin aiki kaɗai ya lashe ƙarin, tun kafin a zo maganar buhun shinkafa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, 'yan kasuwa ba su jira kuɗin ya shigo hannunmu ba. Ana sanarwa, washegari farashi ya tashi. Mu kuwa sai da muka yi watanni muna leƙa waya ko alat zai shigo. Mai gidan da nake haya ma, ashe shi ma rediyon yake saurare.