A gwada sirdi kafin a huda bututun ruwa

Wanda ya taɓa tsayawa bakin ramin da ake ja wa sabon gida ruwa a unguwannin Gombe irin su Jekadafari ko Tumfure ya san yadda aikin ke tafiya. A tone ƙasa har a iske bututu, a jira ranar da aka ɗauke ruwa, a gasa rodi a wuta a soka, a cusa guntun roba, a shafe da gam, a naɗe da tsinken tsohon tuf ɗin babur, a mayar da ƙasa. Maigida ya ga ruwa a famfonsa ya sallami mai aiki. Bayan wata biyu wurin ya fara jiƙewa, ciyawa ta tsiro a tsakiyar rani, babu mai tambayar dalili.

Ita kuma hanyar da ake ɗauka ta ƙa'ida ce, wato a rufe babban bawul, a tsiyaye layin, unguwa ta kwana biyu ba ruwa, tana da nata hasarar da ba a cika lissafawa ba. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da huda bututu yana cikin aiki, da kayan da aka ƙera domin haka, zai zama aikin yau da kullum a Gombe, kuma a hana kowa taɓa babban layi sai wanda ya koyi yinsa.

Ruwan da ake turowa daga madatsar Dadin Kowa, matsin da ke cikinsa shi ne mai gadinsa. Muddin bututu na cike, duk wata kafa da ke jikinsa fitar da ruwa take yi. Da zarar an rufe an tsiyaye, kafar nan sai ta koma zuƙa, kuma abin da ke kewaye da ita shi za ta zuƙa: ruwan kwata, tsatsafin masai, taɓo. Ta haka amai da gudawa ke samun hanyar shiga gidan da bai taɓa ɗiban ruwan rafi ba. Sannan iska ta cika layin. In an buɗe bawul da gaggawa, ruwa ya taho ya daki iskar da ta maƙale, mahaɗai su girgiza, wani wuri can gaba ya fashe. An je gyara ɗaya an dawo da biyu, a tsakani kuma 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka.

Sai dai matsi ba abin wasa ba ne. Ana auna shi da awon da ake kira bar, kuma bar 1 daidai yake da nauyin ruwa mai tsayin kimanin mita 10. A bututu mai faɗin milimita 300, wato inci 12, matsin bar 5 na tura murfin ƙarshensa da ƙarfin da ya haura tan 3 da rabi. Mutumin da ya durƙusa gaban murfin yana kwance noti, gaban wannan nauyin ya durƙusa.

Kayan aikin guda uku ne a jere: sirdi, bawul, sai injin huda. Sirdi wani maɗauri ne da ke rungumar bututu, da roba a cikinsa mai hana yoyo, da baki a sama. A kan bakin ake ɗaura bawul wanda in an buɗe shi ramin yake zama fayau, babu abin da ya tokare tsakiya. A kan bawul ɗin ake ɗaura injin, wanda shi ma rufaffe ne, ruwa ba ya fita ta jikinsa. A bakin sandarsa akwai zarto mai zagaye kamar kofi, da siririn mahudi a tsakiya mai ɗauke da 'yar waya da ke riƙe faifan da aka yanko kada ya faɗa cikin layi.

Kafin komai, a tabbatar wane bututu ne. A wasu titunan layuka biyu ko uku na kwance kusa da juna, ga wayar lantarki ko ta sadarwa a gefe. A tone da hannu idan an kusa, a buɗe bututun ta kowane ɓangare har ƙasansa, a wanke, a auna kewayensa da tef. Sirdin da aka yi wa bututun ƙarfe ba lallai ya zauna a kan na roba ba ko da an ce dukansu inci 6 ne, domin kaurin bayansu ya bambanta. A ɗaure notina a gicciye, kaɗan kaɗan, da sifana mai nuna ƙarfin ɗauri. Wanda ya ɗaure gefe ɗaya tam sannan ya koma ɗayan ya riga ya murɗe robar ciki.

Daga nan sai matakin da aka fi tsallakewa, wanda kuma shi ne ya raba gwani da mai sa'a. Bayan an ɗaura sirdi da bawul, tun ba a taɓa jikin bututun ba, a cika su da ruwa ta ƙaramar kafar gwaji, a buga da famfon hannu har geji ya kai matsin da ke cikin layin, a bar shi minti 10 zuwa 15 ana kallon allura. In ta sauka, akwai yoyo, a kwance a sake. A wannan lokacin kuskure bai ci komai ba sai ɓata rabin awa. Bayan an huda kuwa babu komawa baya, sai rufe layin da ake gudun rufewa tun farko. Da ruwa ake gwajin, ba da iska ba, domin iskar da aka matse tana tara ƙarfi, in abu ya ɓalle harbawa yake yi. Kuma kada a yi zaƙewa wajen bugawa, matsin da ya zarce na cikin layi sosai na iya lotsa bututu mai siririn jiki.

Sai awo. A auna nisan da sandar za ta yi kafin mahudi ya taɓa bututu, da inda zarto zai gama yanka, a yi alama a jikin sandar. Rashin wannan alamar ne ke sa mahudi ya wuce ya ɓula ɗaya gefen. A tabbatar kuma in an janye zarto baya yana wuce bawul gaba ɗaya, in ba haka ba bawul ba zai rufu ba, inji ya maƙale a kan layi. A wanke zarto da cikin sirdi da ruwan kulorin, tunda ruwan sha ne. A yanka sannu a hankali, hannu na jin lokacin da ƙarfe ya saki. A janye sanda, a rufe bawul, a buɗe ƙaramin famfon jikin inji a sauke matsin da ya rage, sannan a kwance. A duba faifan: in bai fito tare da zarto ba, yana cikin layi, kuma wata rana zai toshe wani bawul ko mita. In ya fito a ajiye shi, kaurinsa da tsatsar cikinsa labarin lafiyar bututun ne kyauta.

Bututun roba mai tauri, wanda ake kira PVC, shi ya fi yawa a unguwanni kuma shi ya fi saurin fushi. Mahudin katako ko na ƙarfe da ake saya a kasuwa yana tura robar ne maimakon ya yanke ta, kuma tsaga na iya gudu a tsawon bututun cikin ƙiftawar ido. Zarto mai kofi yake so, mai kaifi, ba tare da dannawa ba. A nisanci mahaɗa da aƙalla santimita 60, tsakanin huda da huda a bar santimita 45, kada kuma a jera su a miƙe a tsawon bututun. Bututun da ya daɗe a rana har ya koɗe, kamar waɗanda zaizayar ƙasa ta tone a bakin kwaruruka, a bar shi kawai. Baƙin bututu mai lanƙwasa kuwa, HDPE, ana iya matse shi da maƙatar ƙarfe mai santsi a tsayar da ruwa na ɗan lokaci, amma nesa da mahaɗa da ninki 3 na faɗinsa ko santimita 30, duk wanda ya fi yawa. A matse a hankali, a saki a hankali fiye da haka, a naɗa alama a wurin domin ba a matse wuri ɗaya sau biyu.

Ramin kansa na kisa, ko da bututu bai fashe ba. Ƙasar Gombe mai yashi ce a wurare da dama, ta jiƙe kuma ba ta riƙe kanta. Ramin da ya wuce mita 1.2 a tokare bangonsa ko a kwantar da bakinsa, ƙasar da aka fitar a ja ta baya da fiye da rabin mita, a sa tsani, a bar mutum ɗaya a sama da injin zuƙar ruwa a shirye.

Duk wannan a kan ruwa ne, inda kuskure ke jiƙa mutum ko ya karya shi. Ga bututun mai da na gas lissafin ya canza, kuma maganar ba ta yi mana nisa ba. Akwai tsohon layin man da ya taso daga Kaduna ta Jos zuwa daffon Gombe, ga kuma Kolmani a iyakar Gombe da Bauchi, inda aka ƙaddamar da haƙar mai a watan Nuwamban 2022. A irin waɗannan bututun, walda ake yi wa sirdin a jikin ƙarfen da mai ke gudu a ciki. Hatsari biyu ne ke jan mai walda ta fuskoki masu gaba da juna. In zafi ya yi yawa, ƙarfen ya yi laushi, matsin ciki ya ɓula shi. In zafi ya yi kaɗan, abin da ke gudu a ciki ya sanyaya waldar da sauri, ta yi tauri ta tsage, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu tsagar ke bayyana. Shi ya sa ake fara auna kaurin bangon da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe. Ƙa'idar da masana'antar mai ta Amurka ta shimfiɗa, API 2201, ta ɗauki milimita 4.8 a matsayin mafi ƙarancin kauri a yawancin ayyuka. Ana amfani da siririyar sandar walda irin E7018, busasshiya daga cikin tanderun da ake busar da ita. Sandar da ta kwana a buɗaɗɗen kwali a watan Agusta ta sha danshi, kuma danshin nan shi ne tushen tsagar. Na'urar shinshinar gas tana kunne tun daga farko har ƙarshe, in ta nuna kashi 10 cikin 100 na matakin da iska ke iya kamawa da wuta, aiki ya tsaya. Layin da ke ɗauke da iskar oksijin, ko wanda mai ya gauraya da iska a cikinsa, ba a yi masa walda yana aiki ko da wa ya ba da umarni. Gobarar Jesse ta jihar Delta a watan Oktoban 1998, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka a bakin fasasshen bututun mai, ta isa nuna abin da fetur ke yi idan ya sami kafa.

Za a ce kayan na da tsada, kuma gaskiya ne manyan injinan da ke toshe layi su karkatar da shi ta bututun ratse ba na kowa ba ne. Amma yawancin aikin gari huda ce ta inci ɗaya ko ƙasa da haka domin ja wa gida ruwa, kuma injinta na hannu ne, mutum ɗaya na ɗaukarsa a bayan babur. Za a ce kuma koya wa mutane huda layi yana aiki buɗe ƙofa ce ga ɓarayin ruwa. Ai masu sata ba su jira an koya musu ba, rodi da gawayi sun ishe su. Abin da ya rage shi ne a sa hanyar halal ta fi sauƙi: hukumar ruwa ta ajiye injina a ofisoshin shiyya, ta horar da masu gyaran famfo ta ba su shaida, ta sa kuɗin haɗi da ranar zuwa a bayyane, makarantun fasaha irin kwalejin kimiyya da fasaha ta Bajoga su sa wannan cikin abin da ɗalibi zai yi da hannunsa kafin ya fita.

Akwai kuma ranar da gwani zai ce a rufe layin, kuma a saurare shi. Bututun da tsatsa ta ci har guduma na barin shaida a jikinsa, ko tsohon bututun siminti mai asbestos da ya fara ruɓewa, ko wanda ƙasa ta zame daga ƙarƙashinsa yana rataye, ba zai ɗauki nauyin inji ba. A irin wannan a sanar da unguwa kwana ɗaya kafin nan su cika randuna, a yi gyara, a wanke layin da kulorin, a buɗe famfon da ya fi tudu domin iska ta fita, sannan a saki bawul zagaye ɗaya ɗaya.