Katakonmu na fashewa, karanmu na ƙonewa

A nan Finlan, inda nake digiri na biyu kan kimiyyar katako, daji ya rufe kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar, kuma doka ce: ka sare, ka tabbata wani ya tsiro. Amma ni ba yawan bishiyar ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Yadda ba sa zubar da komai ne. Gungume ya tafi gini, ɓawo ya zama makamashi, ɓarɓashi ya zama takarda, har sinadarin lignin da ke riƙe zaren itace suna neman mayar da shi gam. Maƙwabtansu 'yan Norwe kuwa a 2019 suka gama wani bene na katako mai hawa 18, tsayinsa ya haura mita 85.

Mu a Jigawa, da an ce karatun gandun daji, hankali sai ya tafi kan dashe da kwararowar hamada. Dashe wajibi ne, wanda ya taɓa zuwa Maigatari da rani ba zai yi musu ba. Sai dai a ganina mun bar rabin karatun a baya.

Ɗauki ƙofar da kafinta ya haɗa da damina, hunturu na shiga ta karkace ta tsage. Sai a ce kafintan ne bai iya ba. Sau da yawa ba laifinsa ba ne. Katako yana fara tsukewa ne idan ruwan jikinsa ya sauko ƙasa da kamar kashi 30 cikin 100, kuma ba ya dainawa sai ya daidaita da iskar wurin. An ɗauko shi ɗanye daga kudu, ba a busar ba, aka kai shi Gumel inda iskar hunturu ke fasa leɓe. Me ake tsammani? A nan Finlan babu mai buga ƙusa a katakon cikin gida sai an busar da shi an auna.

Kuma fa ba da hannu wofi za mu fara ba. Maginan zamanin da sun san azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa soraye suka daɗe. Masassaƙi ya san kirya ce ta turmi, maƙeri ma gawayinta yake nema. Wannan ilimi ne, aunawa da rubutawa kawai ya rasa, ga masu shi suna ta ƙarewa, giginyar ma tana ƙarewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne buntun shinkafa. Je ka bayan injinan casa a Haɗeja ka ga tsibi yana hayaƙi. Ana matse irinsa ya zama allon silin ko dunƙulen makamashin girki, wanda zai rage wa marke da gawo gatari. Karan dawa yana da masu shi, danni da dabbobi da murhu, don haka ban ce a taɓa shi ba sai rarar da ake cinna wa wuta lokacin sharar gona.

Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse duk suna koyar da gandun daji. Da zan ba ɗalibin digiri na biyu shawara, sai in ce kada ya kwaikwayi binciken Turawa kan bishiyar da ke shekara 80 kafin a sare ta. Ya auna ƙarfin darbejiya, ya gano mako nawa take bushewa a inuwa da rani, sannan ya kai wa kafintocin Ringim sakamakon da Hausa.