Yadda babbar riga ta kunyata ni a jirgin yaƙi

Na je New York wajen ɗan yayata da ke zaune a Bronx, ran Juma'a muna saukowa daga masallaci yaron nan ya ce "Kawu, zo mu je ka ga jirgin ruwan yaƙi." Ni kuwa na sha babbar riga ta shadda, sitaci har ƙara take, ga zanna bukar na kafa a goshi. Ya ce in sauya kaya, na ce ina, ai gara a san babban mutum ya zo.

Intrepid sunan jirgin, yana ɗaure a bakin kogin Hudson, irin wanda jiragen sama ke tashi da sauka a kansa ne. Tun 1943 ya fara aiki, a yaƙin duniya na biyu 'yan ƙunar baƙin waken Japan sun sha faɗa masa da jiragensu amma bai nutse ba, a 1982 aka mai da shi gidan tarihi.

Muna hawa can sama inda aka jera jiragen yaƙi iska ta ce salamu alaikum. Riga ta cika fam kamar tanti, ina kokawar danne ta sai ji na yi kaina ya yi sanyi, ashe hula ce ta tashi, ina ji ina gani ta yi juyi biyu ta faɗa ruwa, hular da na ɗauko tun daga Maiduguri fa.

Duk da haka ban daddara ba, na ce sai na shiga Growler, jirgin nan mai tafiya a ƙarƙashin teku da ke gefe. Ƙofofin cikinsa ƙanana ne kamar taga, sai ka ɗaga ƙafa ka sunkuyar da kai a lokaci guda. Ni dai ƙafar na tuna. Gau! goshi ya gaisa da ƙarfe, ina ja da baya hannun riga ya maƙale a wani mariƙi, kyaaat, ga Turawa sun yi layi a bayana kowa na danne dariya, wata tsohuwa ce ma ta ɓalle min.

Ja'irin yaron nan ashe bidiyo yake ɗauka. Ko Concorde, jirgin saman fasinja da aka ajiye a wurin, wanda ya taɓa yin New York zuwa Landan a ƙasa da awa 3 ban tsaya kallo ba. Kafin mu kai jirgin ƙasa Hajiya ta bugo daga Kano, ba ta ko tambayi ƙulun goshina ba, wai shaddar da ta ba ni ta sallah ce na yaga?