Rigar Yaya da Alhajin Tudun Wada

Duk wanda ya san ni a Tudun Wadan Zariya ya san akwai wani mawaƙin kalangu da nake ƙauna tun zamanin kaset, wanda na haddace waƙoƙinsa har nakan bambance muryoyin 'yan amshinsa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka da aka sanar cewa zai yi wasa a wani zaure a Samaru, ba nesa da Jami'ar Ahmadu Bello ba, sai na ƙudura cewa ba kallo kaɗai zan yi ba, sai na gaisa da shi hannu da hannu, na faɗa masa wasu kalmomi da na daɗe ina tsarawa a raina.

Albashin malamin firamare ba ya ɗinka rigar shiga gaban manya, don haka na gangara cikin birni ta Ƙofar Doka, na durƙusa gaban yayana, na roƙi aron babbar rigarsa. Farar shadda ce mai aikin aska takwas, irin aikin hannun da maɗinkan birnin Zariya suka yi suna a kansa, wanda mutum kan yi watanni yana bi da allura kafin ya kammala. Yaya ba ya fito da ita sai ranar Salla, in zai je kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Zazzau. Ya daɗe yana dubana kafin ya miƙo ta, sannan ya gindaya sharuɗɗa: kada in hau acaɓa da ita, kada in kusanci abinci mai manja, kuma ta kwana a ɗakinsa washegari.

Wasa ya yi kyau, ba sai na tsawaita ba. Manyan mutane sun yi ta liƙi, duk da cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira a wurin biki, ni kuwa na dafe aljihuna, inda naira 1,500 ta kuɗin mota take kwance.

Da aka tashi, na nufi ƙofar bayan dandamali, inda na tarar da masu gadi suna ta korar ɗalibai da sauran masoya. Ina shirin fara magiya sai babbansu ya dubi aska takwas, ya daka wa yaran tsawa su ba da hanya, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, bisimilla." Ban ga dalilin yin gardama da mutumin da yake bakin aikinsa ba, sai na gyara hannun riga a kafaɗa na shige.

A ciki na sami gwanin nawa zaune a kujerar roba, ya cire hula, yana kurɓar shayi, yaransa kuma suna tattara kuɗin liƙi a cikin buhu. Na buɗe baki ke nan zan fara jawabina, sanƙira ya hango ni. Aikin sanƙira, ga wanda bai sani ba, shi ne ya gane mai hannu da shuni tun daga nesa, ya kwarzanta shi, sannan ya shelanta abin da ya bayar. Ya zabura ya ƙwala kirari, makaɗan da suka riga suka ajiye kalangai suka sake rataya su, mawaƙin kuma ya ajiye kofi ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, daga ina?" in ji shi.

Na ce, "Daga Tudun Wada, Alhaji. Dama na zo ne in..."

Sauran maganar kalangu ya cinye ta. Nan take, ba tare da ya tambayi sunana ko sana'ata ba, ya tsara mini waƙa sukutum. Na zama Alhajin Tudun Wada, mai gidaje a Kaduna, mai tireloli a hanyar Legas, wanda jirgin Makka ba ya tashi sai ya iso, ni da ko jiragen kwalejin matuƙa ta Palladan ta saman katanga nake leƙensu. 'Yan amshi suna karɓa, makaɗa suna matsa tsarkiya, kuma wallahi waƙar ta yi daɗi, har na ji kaina yana girma, na fara tunanin ko dai akwai wata tirela da na manta da ita.

Sai kiɗa ya tsaya cak, kowa ya zuba mini ido.

Ƙa'idar wannan sana'a sananniya ce: wanda aka wasa sai ya yi kyauta, wanda ya noƙe kuwa zambo yana jiransa, kuma zambon mawaƙi yakan fi mai shi tsawon rai. Ni shaida ne, domin duk zambon da wannan bawan Allah ya yi wa marowata na haddace shi, na kuma sha dariyarsu a majalisa. Na sa hannu a aljihu na taɓa naira 1,500, na tuna cewa sanƙira zai faɗi adadin da iyakar muryarsa. Hannun nan ya fito wayam, ya haura wuyan riga, na tuɓe ta kamar yadda sarakuna da attajirai kan yi wa makaɗansu, na ɗora masa a kafaɗa. Wuri ya ruɗe da kirari, ya rungume ni, aka ɗauki hoto. Daga cikin dogon jawabin da na tanada, abin da ya samu fita shi ne, "Allah ya ƙara basira."

Da na fito daga ni sai 'yar ciki, mai gadin da ya rusuna mini ɗazu ya tare ni ya ce, "Malam, kai kuma ta ina ka shiga?" Iskar hunturun Zariya ba ta san Alhaji ba, tun daga Samaru har Kwangila haƙorana suke haɗuwa, kuma kafin mu kai PZ mai keke ya tambaye ni ko ɓarayi ne suka tare ni.

Washegari na aika wa yaya cewa riga tana wurin mabuga. Wannan zance ya riƙe ni har ranar da ɗansa ya nuna masa wani bidiyo a Facebook, inda mawaƙin yake wasa a wani biki a Kano, sanye da farar shadda mai aska takwas, yana rera waƙar Alhajin Tudun Wada. Yaya ya gane rigarsa ta wata 'yar ƙuna da garwashin turare ya yi mata a gefe. Ya kira ni a waya, ya gaishe ni cikin ladabin da bai taɓa yi mini ba, ya tambayi lafiyar direbobina, sannan ya ce in sayar da tayar tirela guda in ɗinka masa wata kafin Babbar Salla.

Yanzu duk ƙarshen wata ina kai wa wani maɗinki a cikin birni kason albashina. Waƙar kuwa ta bazu a unguwa, har makon jiya wani dattijo ya yi mini sallama bayan sallar asuba, yana neman in ɗauki ɗansa yaron mota.