Haruffan bayan but ba sa fitar da mota daga yashi

Tun da bidiyon nan na baƙar Prado da ta kafe a yashin rafi ya fara yawo, wadda sai da tsohuwar Hilux mai ɗaukar hatsi ta zo ta ja ta, nake karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashinsa, raina yana ɓaci. Wannan ya ce kamfanin ne ya lalace, wancan ya ce motocin yanzu kwali ne, wani har cewa ya yi baki ne ya kama Alhaji. Babu ko ɗaya. Ku koma ku kalli ƙafafun motar. Rim mai inci 22, taya siririya, matakala tana gugar ƙasa, ba wanda ya sauko ya rage iska, taya ɗaya na ta juyawa tana haƙa wa motar rami. Motar ba ta da laifi. Ranar da aka je saye aka tafka kuskuren, domin ido aka saya wa mota, aka manta da hanya.

Wannan ita ce cutarmu. Mutum zai tara miliyoyi, ya shiga wurin dila a Kano ko Abuja, tambayarsa uku ce kacal: ful ofshin ce? Baƙa ce? Fuskar wace shekara gare ta? Ba zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ba, ba zai buɗe ƙofar direba ya karanta farantin da ke jikin ginshiƙi ba. Alhali duk abin da zai kai shi gida ko ya kwanar da shi a daji yana can ƙasa.

A fara da fowil ɗin kansa. Ba kowace doguwar mota ce ke ja da ƙafa huɗu ba. 4Runner da Sequoia da yawa da ake shigowa da su daga Amurka ƙafar baya kawai ke jan su, haka ma akwai Fortuner mai ja da baya kaɗai. Highlander da RX 350 kuwa wasu da gaba kawai suke ja, waɗanda ke ja da huɗun ma ba su da ƙaramar giyar nan ta hawa da fita daga taɓo. Ka leƙa ƙasa: in babu farfela da ta tafi gaba zuwa aksul ɗin gaba a 4Runner, to jikin jif ka saya. Prado ƙirar 150, wadda aka fara yi a 2009, ita kullum da huɗu take ja, amma wannan bai isa ba. Akwai maɓallin murɗawa mai H4 da L4 (L4 ita ce ƙaramar giyar), akwai kuma madannin kulle tsakiya. Kafin ka biya ko sisi, ka kai motar kan burji, ka tsaya cak, ka sa giya a N, ka murɗa zuwa L4, ka danna makullin tsakiya. Fitilar ta kama ta tsaya. In ta yi ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba, ɗan injin da ke shigar da giyar ya cije, yawanci saboda mai ita na farko ya shekara da shekaru bai taɓa shi ba. Kada a gwada wannan a kan kwalta ana juya kan mota, giyoyin ne za su sha wahala. Bayan ka saya ma, ka riƙa shigar da ita sau ɗaya a wata.

Sai inji. TX, TX-L, VX, VX-L, GXR, VXR, duk haruffa ne da ake liƙawa da gam, a kasuwar kayan gyara ake sayar da su. Abin da ba ya ƙarya shi ne lambar ƙirar da ke kan faranti. TRJ150 na nufin fetur mai lita 2.7, silinda huɗu. GRJ150 fetur ne mai lita 4.0, silinda shida. KDJ150 gas ne mai lita 3.0, GDJ150 kuma gas mai lita 2.8 da ya fara fitowa a 2015. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ke gudu zuwa 2.7 wai ba ya shan mai. Injin mai ƙarko ne, kowane bakanike ya san shi, amma ƙarfinsa doki 160 da 'yan kai ne, kuma motar ta haura tan biyu tun kafin kowa ya shiga. Ka loda mata mutum bakwai da buhuna, ka kunna esi, ka nufi hawan Mambila inda ƙasa ta haura mita 1,500, ƙafarka ba za ta bar ƙasan totur ba, kuma man da ka ce za ka tsimi a nan zai tafi. 2.7 masu otomatik na kafin 2015 ma giya huɗu ce da su. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari ce da shimfiɗaɗɗiyar hanya, 2.7 ta ishe shi. Mai kaya da hawa da yashi ya nemi 4.0. Mai son gas kuma ya san abin da ya ɗauko: 3.0 tana da bel na taimin inji da ake canzawa a kilomita 150,000, kuma in washar da ke ƙarƙashin nozul ta fara yoyo, baƙin mai yakan daskare ya toshe rariyar famfo, inji ya buga. Wasu 2.8 da aka yi wa Turai suna ɗauke da matatar hayaƙi ta DPF, wadda gurɓataccen gas da gajerun tafiye-tafiye ke toshewa.

Harafin da ke bin lambar ma ka duba shi. L na nufin an ƙera ta da sitiyari a hagu. In ka ga R, ko W irin na kasuwar Japan, alhali sitiyarin yana hagu, to juya shi aka yi. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama ba, shi ya sa ake yanka ana walda ana ƙara waya. Rayuwar iyalinka ce za ka ɗora a kan wannan waldar.

Na san abin da za a ce: kuɗina ne, abin da nake so zan saya. To wa ya hana ka? Amma in ka kafe, kada ka zagi kamfani.

Mu koma kan taya, don nan ne abin ya fi ci mini rai. Tayar Prado ta asali a ƙananan aji 265/65R17 ce, tsayin gefenta milimita 172. Ta inci 18, wato 265/60R18, 159. Ta inci 19 kuma 146. Wadda ake ɗora wa rim 22, 265/40R22, gefenta milimita 106 ne kawai. Wannan naman gefen shi ne ke shanye rami kafin ya kai ga rim da shokozoba. Shi ne kuma ke ba ka damar rage iska a yashi: ka sauke ta daga talatin da wani abu zuwa 18 ko 20, tayar ta baje, motar ta hau saman yashin maimakon ta tona shi. Duk direban da ke shiga Yusufari ko Machina, ko ya ratsa hanyoyin Damagaram zuwa Agadas, ya san wannan tun yana yaron mota. Siririyar taya ba ta da abin da za a rage. Ka rage, rim ya cije ta ko ta zame daga bakinsa. Ka faɗa rami ɗaya da gudu, gefen ya kumbura, rim ya lanƙwashe. Sannan ka tsaya a garin da ke kan hanya ka ce wa mai faci ya nemo maka inci 22. Inci 17 kuwa ita ce ta Hilux da Fortuner, ko'ina akwai ta. Ga abin takaicin: mai ƙaramar TX da aka raina ya fi mai VX-L dacewa da hanyarmu, sai mai VX-L ya ƙara kuɗi ya sake nisanta kansa da ita.

Haka zancen safaya. Mutane sun tsani tayar da ke rataye a ƙofar baya, wai ta mai da motar tsohon yayi. Ba su san cewa a yawancin Prado 150 masu taya a baya, gurbin da ke ƙasa ƙaramin tanki ne mai lita 63, ƙari a kan babban mai lita 87, jimla 150. Wadda safayarta ke ƙasa 87 kawai take ɗauka. Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne. Wanda ya taɓa shan man bumburutu a gefen hanya don dole ya san darajar lita 63. Kuma in ka yi faci a cikin taɓo, tayar da ke ƙarƙashin mota ta riga ta nutse tare da motar.

Manyan aji suna zuwa da abubuwa biyu da dila zai yi ta kurantawa. Na farko KDSS, wasu silindoji masu mai da bututu da ke haɗe da sandunan daidaita mota gaba da baya. In yana lafiya, ba ƙarya, motar ba ta tangaɗi a kwana. In ya fara yoyo sai ta karkata gefe guda, kuma cika shi sai da na'urar matsa mai ta musamman wadda ba kowane gareji ke da ita ba. Duk Lexus GX 460 da shi take zuwa. Na biyu balan-balan ɗin iska a ƙafar baya maimakon sifirin. Roba ce, zafi da ƙura na tsattsaga ta, iska ta riƙa sulalewa, kwampireso ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone, ka wayi gari bayan motar ya zauna. Ƙarshenta a cire a sa sifirin, wato a mai da ita irin ta wanda bai biya kuɗin ba tun farko. In za ka sayi mai balan-balan, ka ce a bar ta ta kwana a kashe, ka dawo da safe ka auna tsayin bayanta kafin a tayar. Rufin gilashi mai zugewa ma haka: yana da ƙananan magudanai a kusurwoyinsa, ƙurar hunturu ta toshe su, ruwan farko na damina ya bi ginshiƙi ya jiƙa kafet da wayoyin da ke ƙasa. Kujerun layi na uku, in ba ka da masu zama a kai, wurin kaya kawai suka cinye.

Abin da ya cancanci ƙarin kuɗi a ƙasarmu ba shi da yawa, kuma ba ya fitowa a hoto: esi na baya mai ƙarfi irin na motocin da aka yi wa ƙasashen Larabawa, makullin aksul na baya in an samu, tanki biyu, jakunkunan iska na kariya a gefe da labule, farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Ina roƙonku don Allah, ku fara tambayar waɗannan. Yaran da ke kujerar baya a watan Afrilu tsakanin Sakkwato da Gusau ba ruwansu da katakon ado a dashbod.

Launi kuma, baƙi ya zama kamar rawani, wai sai da shi ake sanin babban mutum ya iso. Baƙin fenti ya fi kowane shan rana, ga kujerun baƙar fata a ciki, esi zai daɗe yana fama kafin ya kore zafin. A hunturu ka wanke da safe, kafin azahar ta yi furu-furu. Yaro ya ɗauko busasshen tsumma ya goge ƙurar, kowace shafa tana barin zane, cikin 'yan watanni fentin ya dusashe. Fari ma iri biyu ne, ka duba lambar da ke kan faranti kusa da C/TR. 040 farin talaka ne, kowane mai fenti zai haɗa shi. 070 fari ne mai ƙyalli, hawa uku ake fesa shi, in aka taɓa ƙofa ɗaya da wuya ta sake zama daidai da 'yar uwarta a rana. Ruwan azurfa, 1F7, da ruwan ƙasa su suka fi ɓoye ƙura da ƙarce. Za a ce ai baƙa ta fi saurin fita in za a sayar. Fara ma tana fita, kuma kai da za ka yi shekaru a cikinta, don me za ka zaɓi launi saboda wanda bai zo ba tukuna? In lambar ta ce 1F7 motar kuma baƙa ce, an sake mata fenti, sai ka tambayi dalili, ka kuma duba launin da ke rubuce a takardun kwastan da na rajista.

Fuskar shekara ita ce ƙarshen yaudara. An sauya fuskar Prado a 2013 da 2017, kuma yanzu ta 2010 ake cire wa bamba da fitilu da bonet a ɗora na sabuwa. Inji da giya da shokozoba suna nan da shekarunsu. A motocin Amurka da na ƙasashen Larabawa harafi na goma a lambar casis shi ne shekara: A 2010, E 2014, J 2018. Ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera ma yana ɗauke da shekarar da aka yi shi. Minti biyu ne aikin.

Kuma tunda an zo nan, masu gareji, ku ji tsoron Allah ku daina cire wa mutane tamostat, wato ɗan abin da ke daidaita zafin inji, da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Motar da aka ƙera don Saudiyya da shi ta zo. In aka cire, inji ba ya kaiwa zafin da ya kamata ya yi aiki, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu sanyi ne, ta yi ta ƙara mai. Sannan a zubar da ruwan lagireto mai ruwan hoda a ɗura na rijiya, gishirinsa ya toshe ƙananan hanyoyin, famfon ruwa ya yi tsatsa. In mota na zafi, a duba murfin lagireto, a duba kulocin fanka, a hure ƙurar da ta cushe tsakanin lagireto da kwandensa na esi, a nan matsalar take yawanci.